Ragowar Ganuwoyi a Karkarar Kazaure da Babura: Shaidar Tarihi da Ke Zaizayewa

Idan aka zo maganar ganuwa a tarihin ƙasar Hausa, hankalin manazarta yakan tattaru ne a kan manyan birane. Badalar Kano, wadda tarihin sarakunan Kano ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu tsakanin 1095 da 1134, ta samu masu aunawa da masu zanawa, har H. L. B. Moody ya yi littafi sukutum a kanta da ƙofofinta, kuma a 2007 Nijeriya ta sa ta tare da kufan Surame cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Wannan kulawa ta dace. Sai dai mafi yawan mutanen da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka shafa mazauna karkara ne, waɗanda abin da ya tsare su bai wuce ƙaramin garu da rami da ƙaya da dutse ba. Wannan takarda ta ɗauki yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, domin kafa hujja guda: ragowar ginin kariya da ke warwatse a gonaki da kufan wannan yanki madogara ce ta tarihi mai cin gashin kanta, ƙimarta tana fitowa ne in an dube ta a dunƙule a matsayin tsarin tsaron kan iyaka, saboda haka aunawa da rubutawa su ne wajibin farko, tun kafin a shiga zancen gyara ko sake gini.

Abin da ya sa wannan yanki ya cancanci a ware shi shi ne inda Allah Ya ajiye shi. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarautar Daura ta rabu: Fulani suka riƙe birnin, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa suka kafa mazauni a Zango da Baure, suna jingine da Damagaram, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa kan Daura na 1978. Daga arewa maso yamma akwai Katsinawan Maraɗi, waɗanda ba su daina kai hari kan ƙasashen Daular Sakkwato ba har ƙarshen ƙarnin. Daga gabas ga Gumel, wadda ke bin Borno. Daga kudu ga Kano. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa ta zauna ne a tsakiyar waɗannan, Babura kuma, wadda a lokacin ƙasar Kano ce kuma a yau take ƙarƙashin masarautar Ringim, tana fuskantar Baure da hanyar Damagaram kai tsaye. Yanayin ƙasar ma ya kasu biyu. Ta wajen Kazaure da Roni akwai jerin duwatsu da tuddai da kwazazzabai da ke wahalar da doki, ta wajen Babura kuwa jigawa ce shimfiɗaɗɗiya wadda mahayi zai ratsa ba abin da zai tare shi. Wannan bambanci yana da tasiri a kan irin kariyar da kowane gari ya dogara da ita, kuma shi ne ya sa yankin ya zama wurin gwaji mai kyau ga mai son kwatanta dabarun tsaro biyu a ƙasa ɗaya da zamani ɗaya.

Masarautar Kazaure kanta daga yaƙi ta fito. Ɗan Tunku, wanda ya taka rawa a jihadi a arewacin Kano kuma ya zauna a Dambatta, ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan hawansa a 1819, aka shafe shekaru ana gwabzawa. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso Kano a farkon 1824, a Fanisau ya je ya gaida Dabo, domin sarkin yana can da rundunarsa saboda wannan yaƙi. Binciken Mohammed Bashir Salau ya nuna yadda Fanisau ta zama ribaɗi mai gandaye da bayi masu yawa, wato garin da aka kafa don tsaron iyaka bisa manufar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shimfiɗa, wadda shi da kansa ya aikata a Wurno. Sakkwato ta raba gardamar da amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai tutar kanta. Ɗan Tunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi har zuwa 1857, sannan Muhammadu Zangi, sannan Muhammadu Mayaƙi daga 1886, wanda Turawa suka tarar a kan gado. A wannan tsakanin barazana ta koma arewa. Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe Damagaram har 1884, ya kewaye Zinder da garu, ya tara 'yan bindiga, har aka riƙa ƙera igwa a birninsa. A ƙarshen ƙarnin Ahmadu Kuran Daga ya kutsa da runduna har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Hanyoyin da suka haɗa Zinder da Kano ta wannan sashe suke bi. Wato kusan shekara tamanin manomin wannan yanki yana shuka gero da dawa ne a kan hanyar mayaƙa.

Kafin a yanke hukunci kan ƙimar abin da ya rage, sai an fahimci yadda kariyar take aiki. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa mafi yawan abin da ake kira yaƙi a lokacin hari ne na dawaki, da rani, don kama mutane da kore dabbobi da kwasar hatsi. Maharan ba su da guzurin da za su yi wa gari ƙawanya na watanni. Saboda haka ƙaramin gari ba ya buƙatar badala irin ta Kano. Abin da yake buƙata shi ne ya jinkirta doki na yini ɗaya ko biyu har a kawo ɗauki ko maharan su gaji su wuce. Ƙasar da aka haƙa daga gwalalo ita ake tarawa ta zama garu, don haka aiki ɗaya yana ba da shinge biyu. A bayan ramin akan bar sarƙaƙiya ta yi kauri, a bar siririyar hanya mai lanƙwasa zuwa ƙofa, yadda mahaya ba za su iya shigowa a jere ba, ga maharba a kan garu suna jiransu. Inda ba a kai ga ginin ƙasa ba sai a yi kafi na itace, wanda sunayen garuruwa irin Kafin Hausa suka adana tunawa da shi. Inda akwai dutse kuwa, dutsen ne rabin ganuwa, a toshe mashigarsa kawai. Garuruwan kuma ba zaman 'yan marina suke yi ba: ƙauyen da ba shi da garu yana da garin da yake gudu zuwa cikinsa, labarin hari yana tafiya daga gari zuwa gari da ganga da ɗan aike, kuma nisan da ke tsakanin garu da garu yana da alaƙa da tafiyar da mace mai goyo ko tsoho za su iya yi kafin dawaki su cim musu. Labarin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya bayyana irin wannan rayuwa ta fargabar mahara a karkarar Kano da Zazzau, kuma ya isa ya nuna cewa ga talaka garu magana ce ta 'yanci ko bauta.

A nan ne hujjar takardar take da nauyi. Rubutattun madogaran da muke da su, na Larabci da na Ajami da rahotannin jami'an mulkin mallaka, sun fi damuwa da sarakuna da jerin yaƙe-yaƙensu da harajinsu. Riwayar baka ta fada ma haka take, tana bin salsalar gidan sarauta. Akwai tambayoyin da waɗannan ba sa amsawa, amma ƙasa tana amsawa. Tsawon zagayen garu da faɗin gindinsa da zurfin raminsa suna ba da yawan ƙasar da aka kwashe, daga nan a ƙiyasta yawan hannuwan da suka yi aikin da kwanakin da ya ci, wanda shi ne ma'aunin ikon dagaci ko sarkin gari na tara jama'a, ko ta gayya ko ta tilas ko ta hannun bayi. Filin da garu ya kewaye, in an cire inda gidaje suka zauna, yana nuna ko an tanadi gona da makiyaya a ciki, wato ko garin ya shirya karɓar 'yan gudun hijira da dabbobinsu. Garu biyu ko uku, ɗaya a cikin ɗaya, suna nuna bunƙasa. Sabon garu ƙarami a cikin tsoho babba yana nuna jama'a ta ragu har ta kasa tsare tsohon zagayen. Wurin da rijiyoyi da kududdufai da marina da maƙera suke, ciki ko waje, yana faɗin abin da mutanen gari suka ga ba za su iya rasawa ba ranar da aka rufe ƙofa. Sannan akwai tambayar da ta fi duka zafi, wadda tarihinmu bai cika son yi ba: wa aka bari a waje? Rinjin bayi, da gidajen Maguzawa, da rugar makiyaya, matsayinsu game da garu yana bayyana wanda aka ɗauka ɗan gari da wanda aka bar wa ƙaddara. Gari ɗaya ba zai amsa waɗannan ba. Sai an jera garuruwa da yawa a taswira ɗaya, na ƙasar Kazaure da na ɓangaren Kano da ke Babura, sannan za a ga ko garuwan sun fi fuskantar Damagaram ne ko kuwa wasunsu an yi su ne don tsoron maƙwabci na cikin daula ɗaya, wanda rikicin Ɗan Tunku da Dabo ya sa ya zama tambaya ta gaske.

Ƙarshen amfanin waɗannan gine-gine ya zo da sauri. Faransawa sun kama Zinder a 1899, rundunar Ingila ta fasa garun Bebeji sannan ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kuma shata iyakar da ta raba Babura da ƙasar Damagaram. Da hari ya ƙare, aikin yaɓen shekara-shekara da ake yi bayan damina ya mutu, mutane suka fita suka zauna kusa da gonakinsu, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano kuma noman gyaɗa ya buɗe. Garun ƙasa da ba a yaɓewa ruwa ne ke cin sa. Abin da ruwa ya bari, garma da masu buga bulo da masu yin hanya da rabon filaye suna ƙarasawa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan matsayi ita ce, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: ɗan tudu mai tsawo da ke ratsa gona, da kwari da ruwa ke kwanciya a ciki, da sunan ƙofar da babu ita. Masu wannan ra'ayi za su ce in ana neman abin nuna wa duniya a Jigawa, ga zanen duwatsun Birnin Kudu. Amsa ita ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, abin kallo da abin shaida. Ma'aunin abin kallo girma da kyau, ma'aunin shaida kuwa abin da take iya tabbatarwa. Ingila ta fuskanci irin wannan. A 1940 da 1941, don tsoron mamayar Jamus, an gina ƙananan ɗakunan kankare na masu bindiga kimanin 28,000 a gonaki da bakin koguna da gaɓar teku. Bayan yaƙi aka ɗauke su tarkace, aka rushe mafi yawansu. Sai tsakanin 1995 da 2002 aka gudanar da aikin ƙidaya na ƙasa baki ɗaya, inda masu sa kai kimanin 600 suka rubuta wuraren soja na ƙarni na 20 kusan 20,000. Ɗaki ɗaya a tsakiyar gona ba ya cewa komai, amma da aka zuba su a taswira sai layukan tsaron da aka tsara suka fito fili. Ƙasar da ke da rumbunan takardun soja ta ga tana buƙatar wannan, balle yankin da manomansa ba su bar takarda ko ɗaya game da yadda suka kare kansu ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ta masana ce. Za a ce ginin ƙasa ba ya ɗauke da shekararsa, kuma ƙasar Hausa ta san ganuwa ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina da hare-haren Kwararrafa da Borno. Da wace hujja za a jingina wani tudu ga zamanin Tanimu? Wannan gaskiya ne, kuma duk binciken da ya ɗauka cewa kowane garu na ƙarni na 19 ne ya fara da kuskure. Amma matsalar tana da hanyoyin warwarewa. Yanka garu a gicciye yana nuna hawa-hawan gini da gyara. Gawayin da aka samu a ƙarƙashinsa ana iya auna shekarunsa, kuma akwai dabarar auna lokacin da yashi ya rabu da hasken rana, wadda ta dace da ginin ƙasa. Katangar tukwane da ke cikin hawan, da jerin dagatan gari, da rahotannin kimanta haraji na farkon mulkin Turawa da ke Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, kowanne yana gyara ɗan'uwansa. In kuma bincike ya nuna wasu garuwan sun girmi jihadi, riba ce: zai nuna cewa Ɗan Tunku da magadansa sun gaji tsohon tsarin tsaro ne suka ɗora a kai, kuma tarihin zaman jama'a a duwatsun Kazaure da Roni ya fi tarihin masarautar tsawo nesa ba kusa ba. Wahalar sanya shekara dalili ne na hanzarta bincike, domin garun da aka baje da tarakta ya tafi da hawa-hawansa.

Suka ta uku ta mutanen gari ce, kuma ita ce ya kamata a saurara da ladabi. Jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan, ƙasar tsohon garu tana da kyau wajen gini, matasa suna son fili. Ba adalci ba ne a zo daga jami'a a hana mutum taɓa gefen gonar da ya gada saboda wani tarihi da bai ci ribarsa ba. Takardar nan ba ta neman a killace filaye, kuma shi ya sa ta sa rubutawa a gaba da adanawa. Aunawa ba ta ƙwace gonar kowa. Bayan an auna ne za a zaɓi 'yan wurare, wataƙila mazaunin ƙofa ko sashen da rami da garu suka fi fitowa, a yi yarjejeniya a kansu da masu gona ta hannun dagaci da hakimi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara, don haka Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna da hurumin ware irin waɗannan sassa ba sai an jira Abuja ba. Noman hannu a kan layin garu ba ya shafe shi da sauri kamar haƙar ƙasa da tifa, kuma tsohon rami da ke riƙe ruwa yana da amfani ga mai lambu da mai dabba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne sake gini da siminti don a samu abin ɗaukar hoto, domin wannan yana binne shaidar da ake son karewa.

Akwai kuma masu ganin cewa waɗannan gine-gine suna tuna da zamanin da Musulmi ke kama Musulmi, da bauta, da gabar da ke tsakanin gidajen sarautar da yau suke zumunci, don haka gara a bar kaza cikin gashinta. Wannan damuwa ba ta wasa ba ce, domin zuriyar waɗanda aka kama da ta waɗanda suka kama suna zaune tare. Sai dai garu shaida ce ta ɓangaren wanda aka kai wa hari. Waƙoƙin fada da kirarin sarakuna sun riga sun adana sunan mayaƙa. Wanda ba shi da mai tuna shi shi ne wanda ya ɗauki ƙasa a kai, ya sare ƙaya, ya kwana a bakin ƙofa. In aka bar garu ya ɓace, tarihin yaƙin zai ci gaba da wanzuwa, amma da muryar mahayi kaɗai. A ɗaya gefen kuma, yanzu da rashin tsaro ya addabi sassan arewa har aka koma haƙa ramuka a kewayen wasu garuruwan Borno, za a iya samun masu cewa a farfaɗo da ganuwa. Ya kamata masana tarihi su yi hattara da wannan. Garun ƙarni na 19 ya yi aiki ne a kan doki da mashi da bindigar toka, cikin tsarin da garuruwa ke kai wa juna ɗauki, kuma 1903 ta nuna iyakarsa a gaban igwa ta zamani.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke yankin ba. Hotunan sama da aka ɗauka na arewacin Nijeriya a shekarun 1950 da 1960 don yin taswira, da hotunan tauraron leƙen asirin Amurka na 1960 zuwa 1972 waɗanda aka saki a 1995, sun kama layukan garuwa kafin faɗaɗar garuruwa ta baya-bayan nan, kuma za a iya ɗora su a kan hotunan yau a ga abin da ya ɓace da abin da ya rage. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura suna iya ɗaukar nauyin awo da taswira, sassan tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su ɗauki tambayar dattawa da tono, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kayan tarihi, ta ba da izini ta kuma ajiye rajistar. Ga kowane gari a rubuta zagayen garu, da faɗi da tsayin abin da ya rage, da mazaunin ƙofofi da sunayensu, da rijiyoyi, da ƙauyukan da riwaya ta ce suna gudowa ciki. Wannan na ƙarshen shi ya fi gaggawa, domin dattawan da suka ji daga bakin kakannin da suka ga zamanin hari suna ƙarewa, kuma ya kamata a fara da su a ranin farko na aikin, a garuruwan da ke kan iyakar Babura da Baure da kuma waɗanda ke gindin duwatsun Roni.